Me Zan Ɗauka, Me Zan Bari? Shirya Tufafi da Kayan Tafiyar Kwanaki a Daji

Tambaya: Ina shirin tafiyar kwana huɗu a ƙafa cikin daji mai duwatsu tare da abokai biyu, inda babu gari kuma babu masauki, duk abin da za mu buƙata a bayanmu za mu goya shi. Nauyina kilo 70 ne. Na haɗa kayana na auna, sai na ga sun kai kilo 22, ciki har da riguna biyar na auduga, wandon jins biyu da bargo. An ce mini rana tana da zafi a wurin, amma dare yana sanyi sosai, kuma ana iya yin ruwa. Me ya kamata in ɗauka, me zan bari, kuma yaya zan jera su a jaka?

Amsa: Kilo 22 ya yi maka yawa, ɗan'uwa, kuma dalilin a fili yake: ka lissafa tufafinka da adadin kwanaki, kamar mai zuwa baƙunta inda za a riƙa ganinsa kullum da sabuwar riga. A tafiyar daji da aiki ake lissafi. Duk abin da zai shiga jaka sai ka tambayi kanka wane aiki zai yi, kuma ko akwai wani abu a jakar da ya riga ya ɗauke masa wannan aikin. Ƙa'idar da masu wannan harka suka daɗe suna bi ita ce kada jaka, da abincinta da ruwanta, ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mai goyonta, wato kilo 14 a wurinka. Wanda jikinsa ya horu yana iya ɗara haka kaɗan, amma ga mai fara tafiya irin wannan, kowane kilo na ƙari sai gwiwa da tafin ƙafa sun biya shi a rana ta biyu.

Lissafin kansa zai nuna maka inda matsalar take. Abincin mai tafiya duk yini, idan busasshe ne, yana kaiwa giram 700 zuwa kilo 1 a rana, ka ce kusan kilo 3 na kwana huɗu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma da wuya ka bar mashaya da ƙasa da lita 2. Kilo 5 sun tafi ke nan a kan abin da ba makawa. A cikin 9 da suka rage, jakar kanta da rabonka na tanti da jakar barci da shimfiɗa za su cinye 4 zuwa 5. Saboda haka, idan aka ware wa risho, tukunya da sauran ƙananan kaya nasu rabon, tufafin da ke cikin jaka ba su da rabon da ya wuce kilo 2, kuma wandunan jins ɗinka biyu kaɗai sun cinye fiye da rabin wannan.

Tufafin tafiyar kwana huɗu da na tafiyar kwana goma kusan ɗaya ne, domin kashi biyu kawai ake buƙata. Kashi na farko shi ne kayan tafiya, waɗanda za su sha zufa da ƙura da ruwan sama, kuma su ne za ka mayar jikinka kowace safiya ko da ba su gama bushewa ba. Kashi na biyu shi ne kayan dare: riga mai dogon hannu, dogon wando mara nauyi, safa guda da hular sanyi, waɗanda za su zauna ɗaure a cikin leda, ba za a fito da su ba sai an kafa tanti an shiga ciki. Idan akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe daga amsar nan, to wannan ne, domin muddin kana da busassun tufafi da busasshiyar jakar barci, duk wahalar da yini ya zo da ita kana da inda za ka farfaɗo. Ranar da ka sa kayan dare ka fita da su cikin ruwa saboda kayan tafiya sun yi sanyin taɓawa, to ba ka da sauran madogara.

Dalilin wannan tsanantawa shi ne yadda jiki ke rasa zafinsa. Ruwa yana janye zafi daga fata kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, don haka jiƙaƙƙiyar riga ta fi rashin riga illa a wasu lokuta, musamman idan iska tana kaɗawa. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, mutum ya shiga haɗari, kuma ba sai an yi ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Yanayi mai digiri 10, da yayyafi da iska da gajiya da yunwa, ya isa. Abin yana farawa da karkarwa, sai yatsu su kasa jan zif ko ɗaura igiyar takalmi, sai tuntuɓe ya yawaita, harshe ya yi nauyi, mutum ya fara yanke shawarar da ba zai yanke ba da yana cikin hayyacinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali game da wannan yanayi shi ne mai shi ba ya gane halin da yake ciki, abokan tafiya ne ke ganewa, shi ya sa ya kamata ku uku duka ku san alamomin. Ka kuma tuna cewa zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, ta yadda hasashen yanayin da ka duba na gindin dutse ba zai gaya maka abin da ke jiranka a samansa ba.

A nan ne auduga take faɗuwa. Zarenta yana shan ruwa ya riƙe, yana daɗewa bai bushe ba, kuma idan ya jiƙa ba ya tare zafi ko kaɗan. A busasshiyar hamada da tsakar rana wannan halin nata yana da amfani, tunda yana sanyaya jiki, amma kai wurin da za ka dare yana sanyi kuma ana ruwa, don haka rigunan nan biyar da jins su zauna a gida. Abin da zai taɓa fatarka ya zama na foliyesta ko na ulun tumakin marino. Foliyesta ta fi saurin bushewa kuma ta fi ƙarko, sai dai tana saurin ɗaukar wari. Ulu ba ya saurin wari ko an yi kwanaki da shi, kuma yana riƙe ɗumi ko da ya yi danshi, amma ya fi jinkirin bushewa kuma ya fi saurin yagewa. Wando ya zama na nailan mara nauyi, guda ɗaya, tare da kamfai biyu ko uku na yadi mai saurin bushewa.

Sutura hawa-hawa ake yin ta, domin siraran riguna uku da za ka iya ƙarawa ko ragewa sun fi katuwar riga ɗaya wadda ko dai ka sa ta ka yi zufa ko ka tuɓe ta ka ji ɗari. Bayan hawan farko da ke manne da fata, sai na biyu mai tare ɗumi, wato rigar sanyi ta filis (yadin roba mai laushi kamar ulu) wadda za a iya tafiya da ita, sannan riga mai cushe wadda ake sawa idan an tsaya hutu ko an sauka zango. Wannan ta ƙarshe iri biyu ce. Mai laushin gashin agwagwa ko dinya ita ta fi kowace ɗumi idan aka kwatanta da nauyinta, kuma tana matsuwa ta koma ɗan dunƙule, amma idan ta jiƙa gashin yana cuɗewa ya kwanta, ɗuminta ya tafi, kuma ba za ta bushe a daji cikin yini guda ba. Mai cushen roba ta ɗan fi nauyi, amma tana ci gaba da aiki cikin danshi. Tunda an ce maka ana ruwa, ni mai cushen roba zan zaɓa maka.

Hawa na uku shi ne rigar ruwa mai hula, tare da wandonta, kuma ba a barin ta ko da sama ta yi tangaram ranar tashi, domin aikinta biyu ne: tare ruwa da tare iska. Yadin da ake kira Gore-Tex da makamantansa, wanda ya samo asali daga binciken wani injiniya ɗan Amurka, Bob Gore, a 1969, yana da ƙofofin da suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin jiki yana iya bi ta cikinsu. Duk da haka kada ka ɗauka ba za ka jiƙa ba. Mai hawan tudu da kilo 14 a baya yana fitar da zufa fiye da yadda kowane yadi zai iya fitarwa, shi ya sa rigar da ke da zif a hamata ta fi amfani, kuma shi ya sa rage sauri cikin ruwa ya fi gaggawa.

Sanin lokacin sawa da tuɓewa ya kai zaɓen tufafin muhimmanci. Da asuba za ka fito daga jakar barci mai ɗumi, ka tarar raɓa ta lulluɓe tanti, rigar tafiyarka tana rataye da danshin jiya, sanyi ƙalau. Zuciya za ta ce ka bar kayan dare a jikinka. Ka daure ka tuɓe su, ka ɗaure a ledarsu, ka mayar da mai danshin, ka ɗora rigar sanyi a kai har ka gama karyawa da naɗe tanti, sannan ka cire rigar sanyin daf da tashi. Minti goma na farko za ka ji sanyi, daga nan jiki zai ɗauki zafi ya busar da rigar da kansa. Wanda ya tashi a lulluɓe zai jiƙe da zufa kafin ya kai kan tudun farko. Idan kuma aka tsaya hutu, a sa rigar ɗumi nan take, tun jiki bai huce ba.

Game da rana da ƙwari, malafa ko hula mai faɗin baki, tabarau da man kariya daga rana sun isa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Dogon hannu da dogon wando su ne kariya ta farko daga sauro da kaska, sai man shafawa mai korar ƙwari, mai sinadarin DEET, sannan a duba jiki kowane dare, musamman hamata, matsematsi da bayan gwiwa.

Ƙafa ita ce ke kai ka ta dawo da kai, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Safa uku ka ɗauka, na ulu ko gaurayen ulu da nailan: biyu na tafiya da za ka riƙa sauyawa, kana wanke ɗaya ka rataye a bayan jaka ta bushe kana tafe, ta uku kuma ta barci ce kaɗai. Takalmi ya kasance wanda ka riga ka yi makonni kana tafiya da shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan sabo za ka saya, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka sa, kuma ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, in ba haka ba gangara mai tsawo za ta kashe maka farce. Ba dole ba ne ya zama babban but mai nauyi. Nauyin da ke ƙafa ya fi wanda ke baya cin ƙarfi sau da yawa, tunda ana ɗaga shi a kowane taku, don haka idan hanyar ba ta da tsananin duwatsu kuma idon sawunka ba ya yawan gurɗewa, takalmi mara nauyi mai kaushin ƙasa ya wadatar. Bororo kuwa gogayya da danshi da zafi ne ke kawo shi, kuma yana yin gargaɗi: za ka ji wani wuri a dunduniya ko gefen yatsa ya fara zafi-zafi. A take ka tsaya, ka tuɓe takalmi, ka busar da wurin ka manna filasta. Kunyar tsayar da abokan tafiya na minti biyar ita ce ke jawo ɗingishin kwana uku.

Bargon nan ma ka ajiye shi, ka nemi jakar barci. A jikin jakunkuna masu inganci za ka ga lambobin sanyi uku da aka auna bisa ƙa'idar ISO 23537. Na farko shi ne sanyin da mai saurin jin ɗari zai yi barci cikinsa a miƙe ba damuwa, na biyu shi ne iyakar da namiji matsakaici zai iya barci a dunƙule, na uku kuwa na tsira da rai ne kawai, ba na barci ba. Masu sayarwa suna son nuna lamba mafi ƙanƙanta, kai kuma ta farko za ka duba, ka tabbata ta kai ko ta ɗan zarce sanyin dare mafi tsanani da ake sa ran samu. Abin da masu farawa suka fi mantawa shi ne ƙasa. Cushen jakar da ke ƙarƙashin jikinka ya danne, ba ya tare komai, kuma ƙasa tana zuƙe zafi duk dare. Shimfiɗa ce ke raba ku, kuma ana auna ƙarfinta da lambar R: daga 2 zuwa 4 ya dace da darare masu sanyi da ba su kai na hunturu mai ƙanƙara ba. Ta soso ba ta fashewa amma tana da girma, ta hurawa ta fi laushi amma sai ka riƙe abin faci.

Tanti ɗaya ya ishe ku ko biyu ƙanana, ku raba nauyin: wani ya ɗauki yadin, wani sanduna da turaku. Haka risho da tukunya da matacin ruwa, babu dalilin kowa ya ɗauki nasa. Sai dai ina roƙonku kada ku kunna risho a cikin tanti komai ruwan da ake yi, domin iskar kabon monoksaid da wutar ke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kisa a rufaffen wuri, ban da cewa yadin tanti yana narkewa cikin daƙiƙoƙi. Idan akwai hawa jirgin sama a tafiyar, ba a yarda da gwangwanin gas a cikin kaya ba.

Ba za ku iya goyon ruwan kwana huɗu ba, don haka tun a gida ku gano mashaya a taswira, ku kuma tabbatar ba masu ƙafewa ba ne a wannan lokacin na shekara. Mai tafiya yana shan kusan rabin lita a awa, fiye da haka cikin zafi. Duk ruwan daji sai an tsabtace shi komai garau ɗinsa. Tafasawa ita ce mafi tabbas: minti 1 yana ɓararraka, ko minti 3 idan an haura mita 2,000, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawara. Mataci mai ƙofofin maikuron 0.1 zuwa 0.2 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana tare bakteriya da ƙananan halittu masu sa gudawa, amma ba ya tare bairos, kuma idan ruwa ya daskare a cikinsa ya lalace ba tare da ya nuna alama ba, shi ya sa ake kwana da shi a jakar barci a daren sanyi. Ƙwayoyin kulorin dayoksaid ba su da nauyi, suna aiki cikin minti 30, ko da yake wasu ƙwayoyin cuta masu taurin kai sai an jira awa 4. Ku riƙe hanya biyu, don idan ɗaya ta gaza.

Akwai ƙananan kaya da ba a rage nauyi a kansu. Tun a shekarun 1930 ƙungiyar masu hawan dutse ta The Mountaineers da ke birnin Siyatil a Amurka take koyar da jerin abubuwa goma na dole, waɗanda manufarsu ita ce mutum ya iya fuskantar haɗari, kuma ya iya kwana a waje ba shiri. A ciki akwai taswira da kamfas, fitila, kayan taimakon gaggawa, wuƙa, ashana da abin hura wuta, ƙarin abinci da ƙarin sutura. Fitilar ta zama ta goshi domin hannu ya samu sakewa. Waya tana da amfani wajen nuna hanya idan ka sauke taswirar tun kana da intanet, amma sanyi yana shanye batir kuma faɗuwa ɗaya tana fasa ta, don haka taswirar takarda a cikin leda ba ta da madadi, da sharaɗin ka koyi karanta ta kafin ranar. Ka ƙara da usur, wanda sautinsa ke zuwa inda murya ba ta kaiwa, da maganin da kake sha kullum in akwai, da ƙaramin shebur na haƙa ramin bahaya mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da aƙalla mita 60, da ledar kwaso shara.

Jaka mai cin lita 50 zuwa 65 ta ishe ka, kuma babba fiye da haka tana jawo cusa abin da ba a buƙata. Kafin komai ya shiga, ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikinta, domin murfin ruwan da ake rufa wa jaka ta waje ba ya hana ruwa gangarowa ta bayanka ya shiga. A can ƙasa ka sa jakar barci da kayan dare, waɗanda ba a nema sai dare, ka murɗe bakin ledar. A tsakiya, manne da gadon bayanka, daga saman ƙugu zuwa tsakanin allunan kafaɗa, nan ne mazaunin masu nauyi, wato abinci, ruwa da tukunya, a tokare su da tufafi don kada su yi ta motsi. Idan nauyi ya yi nisa da baya zai riƙa rinjayarka yana jan kafaɗa, idan ya yi sama da yawa zai sa ka tangaɗi a kan duwatsu. Man risho ya zauna a tsaye, ƙasa da abinci. A sama da aljihunan waje sai rigar ruwa, rigar ɗumi, abincin rana, kayan taimakon gaggawa, fitila da taswira, duk abin da za ka so hannunka ya kai gare shi cikin rabin minti ana tsaka da ruwa. Jiƙaƙƙen tanti a wajen leda yake zama. Ka rage rataye-rataye a jikin jaka, domin suna kama rassa kuma suna ɓata daidaito.

Wajen goyawa, ka sassauta duk maɗaurai, ka fara ɗaure ɗamarar a kan ƙasusuwan ƙugu, sannan ka ja na kafaɗa, sannan ƙananan da ke saman kafaɗa, na ƙirji a ƙarshe. Ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin. Idan bayan awa ɗaya kafaɗunka suna zogi ko hannunka yana mutuwa, ɗamarar ta zame ko tsawon jakar bai dace da bayanka ba.

Mako ɗaya kafin tashi, ka baje kayan duka a ƙasa ka auna kowanne a sikelin kicin ka rubuta, domin abubuwan giram 100 da 200 ne ke taruwa su zama kilo uku ba ka sani ba. Ka cika jakar, ka yi tafiyar awa biyu ko uku da ita a inda akwai hawa da gangara, ka kafa tantin da daddare da fitilar goshi, ka kunna rishon ka ga yana ci. Sannan ka rubuta wa wani amintacce hanyar da za ku bi, wuraren kwana, sunayen abokan tafiya, ranar dawowa, da ainihin awar da zai nemi masu ceto idan bai ji daga gare ku ba.